Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Fari

Ku matso, ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Tun da na dawo daga Garwa ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Mai zuwa barka da sauka sai ta zarce da tambaya, mai zuwa aron turmi ma sai ta nemi wuri ta zauna: Dada, yaya ƙasar Kamaru take? Dada, da gaske ne kin tsaya gaban babban alƙali? Na gaji da gutsura labarin, shi ya sa na ce a ɗauko alƙalami. Ni ban yi boko ba, allona ma bai wuce surorin salla ba, amma abin da idona ya gani ban manta ba. Zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Wanda bai san gidanmu ba, ga yadda abin yake. 'Yar farin da na haifa, a nan Gombe na haife ta, a gidan mijina marigayi Malam, can bayan kasuwa. Kun san al'adarmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in an tambayi mace 'ya'yanta ma ba ta sa shi a ciki. Da aka yaye ta sai aka ba Adda Dija riƙonta. Adda 'yar dangin mahaifiyata ce ta nesa, haifaffiyar Garwa, iyayenta ma can aka haife su, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta goya yarinyar ta tafi da ita. Can ta girma, can aka aurar da ita ga mutumin can, can ta haifi namiji, can kuma ta rasu yaron yana rarrafe. Uban ma bai daɗe ba ya bi ta. Sai aka kawo mini yaron, Buba, na raine shi a nan. Duk shekarun nan, in zancen uwarsa ya taso, 'yar Adda nake cewa. Kowa ma haka yake cewa.

Buba ya zama tela a Kasuwar Gombe, ya auri Hajara. Da soja suka sauka aka dawo da siyasa, ya shiga ɗinka wa wata jam'iyya tutoci da huluna, bakinsa kuma ba ya shiru a rumfa. Wanda ya kai tsegumi, Allah ya sani. Wata safiya wasu mutane masu kaki suka zo rumfar suka ce shi baƙo ne, ba ɗan ƙasa ba. Suka sa shi a mota da igiyar awo a wuyansa, suka bi da shi ta Yola, suka sauke shi bayan iyaka. Hajara kuwa tana da ciki.

A zamanin 'yan doka, in hukuma ta ɗauki mutum sai dai a bi shi da addu'a. Ban taɓa jin talaka ya kai hukuma ƙara ba. Maƙwabciyata Rifkatu ce ta ce mini yanzu ana yi. Rifkatu Batangaliya ce, Kirista, tsohuwar nas, katanga ɗaya ta raba mu tun muna goyo. Ɗanta Iliya, wanda ya girma yana cin ƙanzon tukunyata, shi ne yanzu lauya. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya buɗe jaka.

Ya ce, "Dada, a tsohuwar doka, wanda aka haifa a waje sai ta wajen uba yake zama ɗan ƙasa. Sabon tsarin mulkin nan, wanda ya sa kuka yi layin ƙuri'a ke da Mama, ya ce uwa ma ta isa. In dai mahaifiyar Buba 'yar ƙasar nan ce, ba mai ikon korarsa. To, mece ce ita a wurinki?"

Na ce, "'Yar Adda ce."

Ya ajiye alƙalami. "In 'yar Adda ce, ai mun faɗi tun kafin mu tashi."

Rifkatu ta ce, "Iliya, duk karatun naka ba ka san ba a yi wa Bafulatana irin wannan tambaya ba? Ita ta haife ta. Amma in ka jira ta faɗa da bakinta, sai furfura ta fito maka."

Ya ce, "Mama, kotu daga baki take ji."

Muka shirya cewa za a je Garwa a ɗauko Adda, ita ta tsaya ta ce riƙo aka ba ta, ni kuwa in huta. Iliya ya shigar da ƙara a Yola, tun da ta can aka fitar da yaron, ya kuma samo takardar da ta yarje wa Buba ya shigo ranar shari'a. In mun ci ya wuce gida, in mun faɗi a mayar da shi.

Rifkatu ta ce ƙafarta ƙafata. Muka hau akori-kura a tasha da hantsi, mu biyu a gaba kusa da direba saboda tsufa, sai wani malamin makaranta da aka matsa a gefenmu, da farar riga sabuwa fil, zai je neman aiki Yola. Titin ya sha kwalta, manyan motoci sai wucewa suke da siminti da ƙarafa, kowa a ƙasar nan gini yake. A Billiri dangin Rifkatu suka tare motar kamar an yi musu waya, suka dinga miƙo dafaffiyar gyaɗa da masara ta taga, suna yare suna dariya, direba yana ta hon.

Na riƙo wa Adda tsarabar man shanu a ƙwarya, na ɗora bisa cinyata na rufe da faifai. Ban yi tunanin zafin inji ba. Muna wuce Kaltungo man ya narke, motar ta faɗa rami, rabinsa ya tafi kan rigar malamin. Na rasa inda zan sa kaina. Shi kuwa ya dubi rigar, ya shinshina, ya ce, "Ba komai, Iya. In sun tambaye ni aikin da na iya, sai in ce tuwo kawai ya rage." Kusa da Cham taya ta fashe, muka zauna gindin tsamiya, Rifkatu ta samo toka a wani gida ta dirje masa rigar. Ta bushe da taswira a gabanta. Haka ya sa abinsa.

A Numan muka haye gada. Wani tsoho a bayan mota ya ce da can jirgin fito ake jira, wani lokaci a kwana a bakin ruwa. Ni dai rufe ido na yi har muka sauka, ban saba ganin ruwa a ƙarƙashina ba.

A Jimeta muka sauka gidan wata 'yar'uwar Rifkatu. Zafin garin nan ba irin namu ba ne, ruwan randa ma ɗumi gare shi. Mutanen gidan suka ba ni sabuwar tabarma, suka nuna mini alƙibla tun kafin in tambaya, suka kai kaza gidan maƙwabcinsu Musulmi ya yanka. Da safe kafin a sha koko suka taru suka yi waƙar addu'a, na ji sun ambaci sunan Buba a ciki.

Daga Yola zuwa iyaka babu kwalta, sai ƙasa da ramuka. Kafin a ƙetare sai an ɗauki mutum hoto. Mai hoton ya ce in ja mayafi baya, in daina kallon ƙasa. Abin da ya fito, wata tsohuwa ce mai kama da wadda aka kama da satar akuya. A ɓangaren Kamaru wani jandarma, wato ɗan sandansu, ya zaunar da mu yana tambaya da Fulatanci yana rubutawa da Faransanci. Sunanki, sunan mijinki, garinku.

"'Ya'ya nawa kika haifa?"

Na ce, "Shida."

Rifkatu ta taka mini ƙafa. "Bakwai."

Ya dube ta, ya dube ni, sai ya yi murmushi. "Uwata ma ba ta ƙidaya ni. Ku wuce, Dada."

Rifkatu ba ta yi dariya ba. Muna fita ta ce, "Kin ga abin da Iliya yake tsoro ke nan. Allah ya sa Addarki tana da ƙafa."

Garwa gari ne mai tsabta, mai itatuwan maina, wato dogon yaro, layi-layi. Kowa Fulatanci yake yi, har wanda ba Bafulatani ba, amma da sauri suke yinsa, sai na kasa kunne sosai. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, a hammata ake riƙe shi ba takarda, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorin da ya rage mini. In rana ta take, ofis da kanti duk rufewa suke, kowa ya tafi barci kamar an yi shela. Na ga mata bisa babur, da zane da ɗankwali, ba mai waiwayensu. Abin da ya fi ba ni mamaki, kowa yawo yake da kati mai hotonsa, har tsofaffi irina, a ƙulle a bakin zane inda muke ƙulle goro. Mu a nan in an tambayi mutum ko shi wane ne, mai unguwa ake kira. Su kati suke cirowa. Buba ba shi da nasu, ba shi da namu, shi ya sa ko ƙofar gida ba ya leƙawa sai da faɗuwar gaba.

Shi ya fara ganinmu a zauren gidan Adda, inda ya fake. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya tashi da murmushi irin na jika ya ce, "Matar, har nan kika biyo ni? Kishi dai ya hana ki zama."

Na ce, "Wa zai yi kishin mijin da aka zubar bayan gari kamar tsohon kwando? Zuwa na yi in ga ko ka samu mai wanke maka riga."

Ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya. "Hajara fa?"

"Tana nan, nauyi ya yi mata yawa. Ta ce ka dawo ka yi wa abin da za ta haifa huɗuba da kanka, ita ba ta san sunan da kake so ba."

Adda kuwa, ina shiga ɗakinta na san shirinmu ya rushe. Idanunta sun rufe, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, sai an tallafe ta ake fitar da ita inuwa. Amma kanta garas. Ta shafa fuskata da hannu ta ce na tsufa, ta shinshina ƙwaryar man ta tambayi inda na kai rabi. Aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da kifi, mai tsami har kunne. Bayan mun ci na faɗa mata abin da ya kawo mu.

Ta ce, "Wato so kuke a ɗauke ni kamar buhu a kai ni gaban alƙali, in ce yarinyar da na yi wa kitso, na yi wa gara, na wanke gawarta, ba tawa ba ce."

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Ko da ƙafafuna ba zan je ba. Duk Garwa ba wanda ya taɓa ce mini juya, saboda ita. Ke kina da shida."

Na ce, "Adda, yaron fa?"

Ta yi ta murza carbinta. Can ta ce, "Ranar da aka aiko miki ta rasu, me kika yi?"

"Daka nake yi. Na ci gaba da dakana. Surukata tana zaune."

"Ni wata guda ban san ɗanɗanon abinci ba. To, ni na yi nawa. Wannan naki ne. Ki je ki buɗe baki, ba ni za ki ci wa fuska ba, na yafe. Amma kada ki je kina ƙunƙuni kamar amarya, ki faɗa yadda na baya zai ji."

Muka kamo hanya da Buba. A iyaka aka karɓi takardar Iliya, aka haɗa mu da mutum biyu masu kaki da suka zauna hagu da damansa har Yola.

Ɗakin shari'ar ba kamar na alƙalan da na sani ba ne, inda ake zama a ƙasa. Benci ne kamar na coci, fanka tana juyawa a sama. Alƙalin mutumin kudu ne, dattijo, da wani farin gashi da aka ɗora masa a ka, Iliya ma da irinsa, na ƙi kallonsa don kada dariya ta zo mini a wurin da bai kamata ba. Mai unguwarmu, wanda Iliya ya ɗauko daga Gombe, ya fara tsayawa. Ya ce yana yaro ya ci tuwon sunan wata yarinya a gidan Malam, amma ko ita ce ta girma a Garwa, wannan ba zai rantse ba. Sai aka kira ni. Na yi alwala, na dafa Alƙur'ani.

Lauyan hukuma ɗan Arewa ne, mai ladabi, ya san mu ciki da waje. Ya gaishe ni da Hausa kamar ɗan cikina, sannan ya ce, "Iya, 'ya'ya nawa ake sanin ki da su a Gombe?"

"Shida."

"A cikin shidan akwai mahaifiyar wannan saurayi?"

"Babu."

"In zancenta ya taso, wa kike ce da ita?"

"'Yar Adda."

"Addar nan mutuniyar ina ce?"

"Garwa."

Ya juya ya yi wa alƙali Turanci, ya zauna. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma na ga kan Buba ya sunkuya.

Iliya ya miƙe. "Dada, ban tambaye ki wadda ta riƙe ta ba. Wa ya haife ta?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ku da kuka san abin kun san ba taurin kai ba ne. Ji na yi kamar an ce in kwance zanena a tsakiyar kasuwa. Ga maza cike da ɗaki, ga mai unguwa, ga jikana. Alƙali ya yi magana da ɗan zafi, tafinta ya ce mini yana tambaya ko ban ji ba ne. Sai tafintan, wani dattijo Bafulatanin Yola, ya nemi izini ya yi wa alƙali bayani mai tsawo. Na ga alƙali ya cire tabarau yana saurare. Da ya amsa, muryarsa ta sauko.

Tafinta ya ce, "Dada, ya ce a garinsu ma akwai sunayen da mace ba ta kira, kuma ba ya raina al'adarki. Amma ya ce doka ta ba uwa ikon ba ɗanta ƙasa, kuma shi ba zai iya rubuta shiru ba. In akwai uwa a nan Nijeriya, sai an faɗe ta da sunanta. In kina so a fitar da mutane, za a fitar."

Na dubi Buba. Bai ɗago ba. Yaron nan tun yana ƙarami bai taɓa tambayata uwarsa ba, don ya san ba zan amsa ba, yanzu ma ba ya so ya roƙe ni da ido. Mutanen nan biyu suna zaune gefensa, ɗaya har ya ɗora hularsa a gwiwa, shirin tashi.

Na ce, "A bar mutane su zauna."

Na gyara mayafina. Na ce, "Ni na haife ta. A Gombe, a ɗakin da nake kwana har yau, da damina, ranar wata Alhamis. Ita ce ta fari. Na shayar da ita, na yaye ta, na ba Adda da hannuna. 'Ya'yana bakwai ne." Sannan na kira sunanta, da na ubanta. Na kira yadda na bencin baya ya ji.

Kada ku tambaye ni sunan a nan. Na kira shi inda yake da amfani.

Lauyan hukuma ya miƙe kamar zai yi wata tambaya, ya dube ni, sai ya ce ba shi da sauran magana. Aka ɗaga zama zuwa bayan azahar. Da aka dawo alƙali ya yi karatu mai tsawo, abin da tafinta ya tsinto mini shi ne: wanda uwarsa 'yar ƙasa ce ɗan ƙasa ne ko a ina aka haife shi, kuma ba mai ikon fitar da ɗan ƙasa daga ƙasarsa, komai kakinsa. Mutanen nan biyu suka sa hulunansu suka fita su kaɗai.

A mota muna dawowa, Buba yana baya yana ta surutu da fasinja kamar ba shi ba. Mun wuce Numan ke nan sai na ji hawaye yana zuba mini, ba shiri. Ba na murna ba ne. Kukan da ban yi ba ne ranar da nake daka. Rifkatu ta ja mayafina ta rufe mini fuska daga direba, ta riƙe hannuna har Kumo.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Buba ya koma rumfarsa, har yanzu bakinsa bai yi shiru ba, sai dai ya rage ɗinkin tuta. Hajara ta sauka lafiya, namiji, uban ya yi masa huɗuba da kansa. Iliya, mutane sun gano gidan uwarsa, kullum da safe akwai mai jira a ƙofa, ciki har da wata mata daga Kaltungo mai irin matsalarmu. Rifkatu gwiwa ta dame ta tun daga ramukan iyaka, ni nake kai mata man zafi. Malamin mai farar riga ya samu aikin, ya aiko da gaisuwa ta bakin direba. Adda Dija ta rasu bayan kaka, Allah ya jiƙanta. An ce da labarin kotu ya isa gare ta, tambaya ɗaya ta yi, ko na ɗaga murya.

Ni kuwa ga ni. A unguwa wasu sun ce na kyauta, wasu tsofaffin sun ce da su ne da ƙasa ta tsage sun shige, ban yi musu da kowa ba. Sai dai kwanan baya Buba ya zo da yamma ya zauna bakin ƙofata, ya yi ta juya hula a hannu, sannan ya ce, "Dada, uwata, yaya take?" Abin da na sani kaɗan ne, goyo kawai na yi, sauran yana wurin Adda kuma ta tafi da shi. Na ce masa tana da wushirya, ba ta son a rufe mata ƙafa in tana barci, kuma ranar da za a tafi da ita ta riƙe mini ɗankunne sai da aka ɓamɓare yatsunta. Ya ce in ƙara. Na ce iyakar abin da nake da shi ke nan. Ya ce to in sake faɗa daga farko.